Ƙarshen da Bai Shiga Faifai Ba

Uwar maƙerar da ta sa samari suka yi ta fasa wa juna baki, tun daga garinsu Cradley Heath har ƙasashen da Dez Tromans bai iya faɗin sunansu ba, shekara ashirin da huɗu ke nan tana tokare da ƙofar ɗakin tattabarunsa. Kashin tsuntsaye har ya yi mata farar hula. A nan Gaynor Sidaway ta same ta ranar Juma'a da hantsi, ta tsaya a kanta hannu a ƙugu.

"Kawu Dez, daga Jafan mutane ke zuwa neman ganin wannan abu, kai kuma ka ba tsuntsaye su yi masai da shi."

"Su tsuntsayen ba su taɓa fasa kan kowa ba," in ji Dez, bai ko ɗago daga kwanon tsabar da yake tsincewa ba. "Ya tsohonki?"

"Yana nan. In kana son sani, gidan bai tashi ba. Layi uku ne daga nan."

Layi uku ne kuwa, kuma tun 1974 Dez bai taka su ba. Gaynor ba jininsa ba ce. 'Yar Vernon Sidaway ce, makaɗin jita na Baƙin Ƙarfe, ƙungiyar da Dez ya yi wa waƙa shekara shida. Uwarta ce ta koya mata kiransa kawu, ita kuma ta riƙe don ta lura sunan yana ƙona shi. Ta ɗauko bakin uwarta, ta ɗauko yatsun ubanta, dogaye sirara, waɗanda in Dez ya kalle su sai ya kau da kai.

"Litinin hutu ne, ka san da bikin," in ji ta. "A filin tsohuwar maƙerar sarƙa, inda ake ajiye motoci yanzu. Shekara talatin da kafa Baƙin Ƙarfe. Ƙungiya bakwai, kowa waƙoƙinku zai yi. Ƙungiyarmu ce za ta rufe ƙarfe huɗu na yamma da 'Buga Nan'. Uwar maƙerar nake so, ta ainihin."

"A'a."

"Ban gama ba."

"Ni na gama."

"Rabinta na babana ne. Ku biyu kuka sato ta a keken jariri, ya faɗa min."

Haka aka yi. Keken na yayar Vernon ne, kuma bai ƙara tafiya ba tun daga ranar.

Dez ya ajiye kwanon. "Ji nan, 'yar nan. In kun fara waƙar, yaya kuke gama ta?"

"Kamar kowa. Kamar yadda take a faifai. Mai na'ura ya yi ta rage sauti har ta ɓace."

"Masu dambe a ƙasa fa? Su ma akwai maɓallin rage su?"

"Sukan gaji."

To, a nan matsalar take, kuma duk duniya mutum ɗaya ne ke kwana da ita yana tashi da ita.

Dez tun yana ɗan shekara goma sha biyar yake ƙirar sarƙa, irin manyan nan da ake ɗaure jirgin ruwa da su. Aikin na mutum huɗu ne: maƙeri ɗaya riƙe da awartaki da 'yar masaba, sai ƙarti uku da gudumomi. Ƙara a wurin ta fi ƙarfin magana, ko ubanka aka zaga ba mai ji, saboda haka masaba ce ke magana. Inda maƙeri ya taɓa da ita, nan guduma za ta sauka. In ya taɓa da sauri, a yi sauri. In kuma ƙarfe ya yi, sai ya ƙwanƙwasa uwar maƙera sau biyu a hankali, ya kwantar da masabar ta gefe, ta yi 'yar rawa a kan ƙarfen, ƙirrr. Shi ke nan. Ko gudumarka ta taso rabin hanya, a sama za ta tsaya. Wanda ya sake bugu ɗaya bayan an kwantar da masaba, yatsun maƙeri ya nema, kuma kafin takardar kora ta iso shi abokan aikinsa sun riga sun gyara masa fuska. Jinin mutanen garin ya san wannan ƙarar kafin kunnensu.

A 1968 Dez da Vernon da wasu tagwaye 'yan Tipton, ɗaya mai ganga ɗaya mai babbar jita, suka fara kiɗa a kulob ɗin ma'aikata duk Lahadi da rana. Gangar tagwayen ba ta fi kwanon wanki ƙara ba, shi ya sa aka sato uwar maƙera. Dez ya taɓa da masaba, ting, ganga da jita su faɗo tare, dum. Ranar farko da suka yi 'Buga Nan', wasu ƙarti biyu da suka yi mako suna hararar juna a wurin aiki suka miƙe, suka fara naushin juna daidai da kiɗan. Lahadi ta gaba mutum goma. Kafin wata uku ɗakin gaba ɗaya. Amma da doka: hannu kawai, ba kwalba, ba takalmi, wanda ya faɗi a ɗaga shi. In Dez ya ga abin ya isa, ƙwan-ƙwan, ƙirrr, kiɗa ya ɗauke, hannaye su sauka. Wanda ya fasa maka hanci shi zai saya maka giya, kowa ya wuce gida cin gasasshen naman Lahadi da auduga a hanci.

Sai wani mutumin Landan mai ƙamshin turare ya zo ya kai su ɗaukar faifai. Waƙar minti goma sha ɗaya ce, faifan ba zai ɗauka ba, aka rage sautin a minti na bakwai har ya mutu. Dez ya ce ai kun yanke mata ƙarshe. Mutumin ya yi dariya ya ce ba wanda zai sayi ƙarar mutum yana ajiye kayan aikinsa.

Kafin faifan ya fito, a watan Agusta na 1974, aka yi wasa da rana tsaka a filin bayan maƙera. Mutum dubu uku, kusan duk 'yan gida. Mutumin Landan yana gefe da mai hotonsa. Da lokacin tsayawa ya yi, Dez ya ɗaga masaba, sai ya ji an ce daga gefe, kar ka tsayar yanzu, bar shi ya nuna. Ba maganar ce ta hana shi ba. Ya duba ƙasa ne ya ga mutum dubu uku suna motsi da wuyan hannunsa, wani daɗi ya hau masa kai wanda giya ba ta taɓa ba shi ba. Ya ƙara bugu ashirin. A na ƙarshen taron ya daki dandamalin katakon, Vernon ya faɗi, kututturen da ke ɗauke da uwar maƙera ya tuntsure, ƙarfe mai nauyin ƙato biyu ya sauka a hannun hagunsa. Yatsa huɗu aka tsince a cikin ciyawa.

Jaridu suka ce taro ne ya haukace. Dez bai ƙaryata ba. Hoton uwar maƙera tana tuntsurewa shi aka sa a bangon faifan, ya sayu kamar me. Ƙungiyar ta mutu a ranar, waƙar kuwa ta yi ta haihuwa. Daga Jamus zuwa Brazil duk yaron da ya tara gashi sai ya nemo ƙarfen da zai daka a dandamali, masu kallo su buɗe da'ira su yi ta jibgar juna. Kowa ya koyi yadda ake farawa. Yadda ake tsayawa yana can a ƙasan ɗakin ɗaukar sauti a Landan, an share.

Dez ya faɗa wa Gaynor ƙarshen waƙar, ban da zancen bugu ashirin. Ta saurara tsaf, har da gyaɗa kai.

"Kawu, labari ne mai daɗi. Amma maƙerar nan ina aji biyu aka rufe ta. Yaran da za su zo, a hoto suka san guduma. In na kwantar da masaba cewa za su yi hannuna ya gaji. In ka damu, zo ka yi da kanka."

"Na rantse ba zan ƙara ɗaga masaba ba."

"To ka gani."

Ta sa yatsu biyu a baki ta yi fito. Samari uku suka shigo daga mota. Na gabansu shi ne Warren, mawaƙinsu, gashi har gadon baya, ranakun aiki kuma a banki yake zaune da gashin a ɗaure. Ya miƙo hannu cike da ladabi. Dez ya juya tafin ya duba.

"Da wannan za ka riƙe guduma? Burodin da na ci da safe ya fi shi tauri."

"Ina sa safar hannu, baba."

"Ka ji."

Suka kinkime ta su uku suna nishi, ƙofar ɗakin tattabaru ta rufo da kanta karo na farko tun kafin a haife su. Dez ya ce musu shi ba inda za shi ranar Litinin.

Ƙarfe uku na Litinin yana filin, cikin zafin Agusta, da babbar kwat, aljihun dama ya rinjayi na hagu. Masabar a ƙarƙashin buhun tsaba take duk shekarun nan. Ya ce wa kansa ba ɗagawa zai yi ba, rakiya ta yi masa.

Dandamalin bayan tirela ne, an jingina shi da katangar kanti. A gabansa samari da 'yan mata sun fi dubu, baƙaƙen riguna, kowa ƙirjinsa ɗauke da hoton ranar da Vernon ya rasa hannu. Wani ma har a fatarsa aka zana. A gefe kuma masu bikin sun yi abin da suke ganin kirki ne: sun kafa rumfa sun gayyato tsofaffin maƙeran sarƙa, giya kyauta. Wajen su ɗari biyu, rabi kurame, tumbi ya sauko, gashi ya tafi, amma damatsan suna nan kamar cinyar sa. Vernon yana cikinsu, kofi a dama, hagu a aljihu. Ya ga Dez. Ya mayar da idonsa cikin kofi.

"Dez Tromans, ashe ba ka mutu ba," in ji wani da ƙarfi irin na kurame. Horace Willetts ne, wanda ya yi wa Dez riƙon guduma shekara tara. Ya sha kwat ɗin coci, har da fure a ƙirji.

"Ina jiran ka fara, ka fi ni tsufa."

"Me ka ce?"

"Na ce kwat ɗinka ta yi kyau."

"Ta jana'izar matata ce. Zauna. Ka ji abin da yaran nan ke yi wa waƙoƙinku? Ni da nake kurma ma na ji zafi."

Ƙarfe huɗu da 'yan mintoci Gaynor ta hau da jitarta. Da ta ja layin farko na 'Buga Nan', Dez ya ɗago kai, don hannun Vernon ne sak, har da ɗan kuskuren da yake yi da gangan. Uwar maƙera tana bakin dandamali a kan kututture, an ɗaura mata makirufo. Warren ya ɗaga guduma da safar hannunsa ya fara dukanta. Ba masaba, ba mai nunawa, duka ne kawai kamar mai fushi da ƙofa. A ƙasa da'ira ta buɗe, yara suka fara karo da juna, gwiwar hannu a haƙarƙari, goshi a goshi.

Minti biyu abin bai wuce wasa ba. Sai aka wurgo wani dogon yaro daga da'irar, ya zo ya faɗa kan teburin tsofaffi. Kofuna suka tashi. Giya ta wanke kwat ɗin Horace tun daga fure har wando. Yaron ya miƙe, ya ture shi da tafin hannu.

"Matsa, tsoho, in ba za ka iya ba ka koma gida."

Horace ya dubi kwat ɗinsa. Ya zaro hankici, ya sa yatsu a baki ya cire haƙoran roba, ya naɗe su a hankali ya sa a aljihu. Dez ya waiga ya ga duk rumfar ana yin haka, hankici ɗari biyu, kamar ana shirin addu'a.

Naushin Horace a ƙasan haɓa ya sauka. Yaron ya bar ƙasa, ya dawo ba a kan ƙafa ba. Abokansa suka taso, tsofaffi suka tarye su, kuma minti na farko tsofaffin ma murmushi suke da dasashi. Har wani tsoho ya zame ya faɗi, ya miƙa hannu yana jiran a ɗaga shi kamar yadda aka saba, sai aka sa masa takalmi mai ƙarfe a fuska. Aka ƙara. Ƙarar ta fito kamar an taka kwali.

Daga nan murmushi ya ƙare. Kujerun ƙarfe suka tashi sama. Kwalba ta fashe a ƙeyar wani, jini ya zubo cikin wuyan rigarsa. Wani tsoho ya kama yaro ta gashi yana haɗa fuskarsa da murfin mota, sau uku, sau huɗu, har gilashin fitila ya zube. Wata yarinya tana rarrafe tsakanin ƙafafu, hannu ɗaya riƙe da kunnenta da aka yage wurin ɗan kunne. 'Yan sanda biyu da aka turo sun koma bayan motar mai sayar da soyayyen dankali suna magana da rediyo.

Gaynor ta yi wa mai na'ura alama. Ya fara rage sauti, kamar a faifai, a hankali, a hankali, har ya mutu. Ba wanda ya lura. Da kiɗan ya tafi, sai ƙarar nama a kan nama ta rage, da numfashi, da kuka.

Taron ya gangaro ya daki tirelar. Ta yi gefe ta dawo. Dez ya ga kututturen ya motsa.

Bai san lokacin da ya shiga ba. Ya sa kafaɗa ya sunkuyar da kai. Wani ya kai masa kwalba a gira, ido ɗaya ya cika da ja. Ya mayar da gwiwar hannu baya, ya ji hanci ya karye, bai waiga ya ga na waye ba. Aka shure shi a haƙarƙari, wani abu ya ce ƙas a ciki. Ya ci gaba. Shekararsa hamsin da huɗu, rabonsa da gudu tun ana kashe tsohon kuɗi, amma ya kai tayar tirela ya taka ya haye da ciki.

Warren ya riga ya yar da guduma ya dira ta bayan tirela. Gaynor tana kwance rub da ciki a bakin dandamali. Wayar jitarta ta faɗa cikin taro ta harɗe a ƙafafu, igiyar jitar da ke wuyanta tana jan ta ƙasa. Ta kafa hannun hagu a katako don kar ta tafi, yatsu biyar a baje, taki ɗaya daga kututturen. Duk dukan da taro ya yi wa tirelar sai uwar maƙera ta ɗan leƙo kansu ta koma.

Ya kama ɗamararta ya ja. Ko motsi. Ya sa gwiwa ya tokare kututturen, ya zaro masaba, ya nuna wa mai na'ura makirufon da ita. Mutumin ya gane, lasifika suka yi tsaki suka farka.

"Kwantar da ita mana, Kawu," in ji Gaynor, murya a shaƙe. "Me kake jira?"

Abin da bai faɗa mata ba ke nan, don ko shi bai taɓa sa shi a baki ba. Ba ka tsayar da gudumar da ba kai kake ja ba. In ya kwantar da masaba yanzu, ƙarar banza ce a cikin ƙara. Sai ya fara kama su tukuna. Sai ya buga.

Mai gangarsu, wata 'yar siririya, tana zaune ta daskare da sanduna a hannu. Ya kalle ta ya ɗaga ɗayar girar da ta rage. Ya taɓa ƙarfen.

Ting. Yarinyar ta sauke sanda. Dum.

Kawuna masu sanƙo suka juyo daga ko'ina.

Ting. Dum. A na biyu kafaɗun tsofaffi suka daidaita. A na uku naushi ɗari biyu suka sauka lokaci guda, ƙarar ta zo kamar an saki buhun siminti daga bene. Layin gaba na samarin ya zube. Na huɗu, wani layin. Daɗin nan ya taso masa daga tafin hannu, ya bi damtse, ya hau wuya, sabo fil kamar jiya ya bar shi. Filin gaba ɗaya a wuyan hannunsa. Yaran nan da suka sa takalmi a fuskar tsoho, bugu goma kawai, ya ga bayansu. Na biyar.

Sai ya ga Vernon. Ya ratso taron shi kaɗai, leɓe a fashe, ya sa kafaɗa a ƙarƙashin 'yarsa yana tare ta kar ta faɗo. Ya fito da hannun hagu daga aljihu ya dafa bakin katakon, kusa da nata. Babban yatsa ɗaya, sauran wurin sumul. Kallon Dez kawai yake.

Na shida ya riga ya tafi. Dez ya bar shi ya sauka. Sannan ƙwan, ƙwan. Ya kwantar da masaba ta gefe.

Ƙirrr ɗin ta fita ta lasifika ta zagaye filin, ta daki katangar kanti ta dawo.

Tsofaffi ɗari biyu suka tsaya. Wani naushinsa yana rabin hanya, a nan ya bar shi. Wani ya saki gashin da ke hannunsa. Kujeru suka sauko ƙasa a hankali. Hannaye suka koma gefen cinya.

Samarin ba su san an yi wani abu ba. Wani mai ƙarfe a hanci ya kai wa Horace naushi a baki. Kan Horace ya yi baya ya dawo, hannunsa bai motsa ba. Yaron ya ƙara. Jini ya sauko kan furen kwat. Horace ya tsaya yana kallonsa kamar mai jiran bas. Yaron ya ɗaga hannu karo na uku, ya duba hagu, ya duba dama, ya ga ko'ina tsofaffi ne tsaye hannu a ƙasa, wasu ana dukansu ba sa ramawa. Hannun ya yi masa nauyi a sama. Ya sauke shi, ya rasa inda zai sa shi, ya cusa a aljihu.

Haka abin ya bi filin, daga gaba zuwa baya, har aka fara jin kukan jiniya daga nesa.

Taron ya ja baya daga tirelar. Ita kuma da aka daina tura ta, sai ta koma mazauninta da ƙarfi. Kututturen ya kuɓuce wa gwiwar Dez. Bai yi tunani ba, ya shure hannun Gaynor gefe, uwar maƙera ta sauko a inda hannun yake, wato a kan ƙafarsa. Ya ji ƙasusuwan suna fashewa ɗaya bayan ɗaya kamar ana taka gyaɗa. Ya zauna a katakon. Bai yi ihu ba, numfashin yin ihun ne babu.

Mutum biyar suka ɗaga ta. Aka jingina shi da lasifika ana jiran motar asibiti, wadda ta fara da waɗanda suka fi shi. Gaynor ta durƙusa a gabansa tana buɗe hannunta tana rufewa. Bayan hannun ya kumbura inda takalminsa ya same shi.

"Ka shure ni, Kawu."

"Ƙirga su."

"Biyar."

"To rufe min baki."

A ƙasa Horace ya mayar da haƙoransa, sun ƙi zama daidai saboda kumburi. Ya kamo mai ƙarfe a hancin nan ta wuyan riga yana jan sa zuwa rumfa. Yaron yana ta ba da haƙuri.

"Ba haƙuri na tambaye ka ba," in ji Horace. "Ka fasa min baki, kai za ka sayi giya. Haka ake yi. Ba wanda ya koya muku komai ne?"

Vernon ya hau tirelar da ƙyar, ya zo ya zauna gefen Dez, ya miƙe ƙafafu. Suka daɗe suna kallon filin, takalma warin ɗaya-ɗaya, gilashi, jini a kan farin layin ajiye motoci.

"Shida," in ji Vernon.

"Me?"

"Bugu shida ka yi. Na ƙirga." Ya goge leɓensa da bayan guntun hannun. "Wancan karon ashirin ka ƙara. Shi ma na ƙirga. Ina kwance ina kallon hannunka."

Dez ya buɗe baki. Duk jawabin da ya yi shekara ashirin da huɗu yana shiryawa a gaban tattabaru, ko kalma ɗaya ba ta zo ba.

"Huɗu ma da ya isa," in ji shi a ƙarshe.

"Da ya isa."

Vernon ya miƙa hannun hagu, ya maƙale masabar tsakanin babban yatsa da tafi, ya ɗauke ta daga katako ya ajiye a cinyar 'yarsa.

"In ya fito daga asibiti ki je ya koya miki. Ki fara da ajiyewa, bugun kowane jaki ya iya."

Masu motar asibiti suka iso da gadon ɗauka. Ɗayansu ya dubi ƙafar ya ce wannan sai an yi wata shida ba a taka ba, in ma an taka. Suna ɗaga shi Dez ya kama hannun rigar mutumin.

"Tsaya. Tattabaruna. Ba su ci na yamma ba."

Vernon ya miƙe yana kaɗe wando. Ya miƙo hannun dama.

"Kawo makulli. Layi uku ne." Ya karɓa ya jefa a aljihu, ya nuna uwar maƙera da haɓa. "Wannan kuma ba za ta koma can ba. Ka nemi bulo ka tokare ƙofarka kamar kowa."